Motar Uwargidan Ford: Abin da Motar Lantarki Ta Mallaka Tun Kafin a Yi Zancen Tuƙa Kai

A shekarar 1908, shekarar da Henry Ford ya fito da Model T, motar fetur ɗin da ta ɗora talakan Amurka a kan taya huɗu, ya sayo wa uwargidansa Clara mota daga wani kamfani dabam. Sunan motar Detroit Electric, kuma ko ɗigon fetur ba ta sha, batir ne ke tafiyar da ita. Bayan shekara shida ya sake saya mata sabuwa daga wannan kamfani dai. Wato mutumin da ya fi kowa sanin ciki da wajen motar fetur a zamaninsa, da ya zo zaɓar abin da iyalinsa za ta riƙa shiga cikin garin Detroit, sai ya tsallake masana'antarsa ya je ya sayi ta maƙwabta.

A yau idan aka ambaci motar lantarki, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane da yawa shi ne hoton direba ya saki sitiyari yana duba waya, mota tana ratsa titi da kanta. Daga nan sai muhawara ta karkata: shin kwamfuta za ta iya tuƙi? Wa za a kama idan ta buge mutum? Tambayoyi ne masu nauyi, amma ba su shafi abin da ya ja hankalin Clara Ford ba. Motarta ko sitiyari ba ta da shi, wani ƙarfe ne ake turawa gaba ko a jawo baya, kuma da hannunta take riƙe shi. Abin da ta saya shi ne mota mai tashi ba tare da wahala ba, mara hayaƙi, mara ƙara, mara yawan lalacewa. Waɗannan siffofi sun girmi zancen tuƙa kai da shekaru masu yawa.

Sai an kalli manyan biranen Turai da Amurka na ƙarshen ƙarni na 19 za a gane dalilin da ya sa aka yi marhabin da ita. Dawaki ne ke jan komai, daga keken fasinja har amalanken kaya. A New York kaɗai akwai dawaki fiye da dubu ɗari, kowane yana zubar da kashi da fitsari a titi kullum. Da rani kashin ya bushe ya zama ƙura, da damina ya zama taɓo. Ana neman abin da zai maye gurbin doki, kuma 'yan takara uku ne suka fito. Ƙididdigar Amurka ta 1900 ta nuna cewa cikin motoci 4,192 da aka ƙera, 1,681 masu tururi ne, 1,575 masu lantarki, masu fetur kuwa 936 kacal. Wadda za ta mamaye duniya daga baya ita ce ta ƙarshe a jerin.

Kowace tana da nata aibin. Motar tururi sai an hura wuta an jira ruwa ya tafasa, abin da kan ɗauki sama da rabin awa a lokacin sanyi, sannan a riƙa tsayawa ana ƙara mata ruwa. Motar fetur kuwa sai an tsaya a gabanta, an zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a bakin inji an murɗa da ƙarfin damtse kafin ta tashi. Idan injin ya yi tutsu ya juya da baya, ƙarfen kan fizgo ya karya wa mutum tsintsiyar hannu, har likitoci suka sanya wa irin wannan rauni suna karayar direba. Idan ta tashi ma tsugune ba ta ƙare ba, ga girgiza, ga wari, ga ƙarar da ke firgita dawaki, ga canjin giya mai buƙatar ƙarfi da gwaninta. Motar lantarki ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A zauna, a tura ƙarfe, ta zame ta tafi.

Ba kuma raggonta ba ce ta fuskar gudu. A ranar 29 ga Afrilun 1899, a wani wuri da ake kira Achères kusa da Faris, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya hau wata mota mai siffar harsashi, La Jamais Contente, ya zama mutum na farko da ya wuce gudun kilomita 100 cikin awa a mota. Batir ne ya kai shi. Tun 1897 akwai tasi masu lantarki a Landan da New York. Na New York ba sa tsayawa jiran caji, sukan shiga tasha a zare musu akwatin batir da ya ƙare a zura cikakke, su koma bakin aiki, dabarar da wasu kamfanonin ƙasar Sin ke tallatawa yanzu kamar sabuwa. A baje kolin Faris na 1900, wani matashin injiniya, Ferdinand Porsche, ya nuna motar da ya ƙera wa kamfanin Lohner, wadda injinan lantarkinta ke cikin tayoyin gaba. Da fadar shugaban Amurka ta fara sayen motoci a 1909, zamanin William Taft, akwai Baker mai lantarki a cikinsu.

To, me ya kayar da ita?

Na farko nauyi ne, kuma shi ne tushen sauran. Batir ɗin wancan zamani na darma da ruwan asid ne, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, kakan wanda ke cikin kowace motar fetur har gobe. Kilo ɗaya na irin wannan batir yana riƙe wutar da ba ta wuce ɗaya bisa ɗari uku na ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na fetur ba. Ko da an cire abin da injin fetur ke ɓarnatarwa, ratar ta yi yawa. Kamfanin Detroit Electric yana tallan cewa motarsa za ta yi mil 80, kimanin kilomita 130, da caji ɗaya, a kan gudun da bai wuce kilomita 32 cikin awa ba. Wannan ya wadatar da mai zuwa kasuwa da ziyara cikin gari. Mai son ƙetare jiha kuwa bai ga abin saye ba.

Sannan abubuwa uku suka zo a jere. A watan Janairun 1901 mai ya ɓalle a rijiyar Spindletop ta jihar Tekzas, fetur ya yi araha. Ford ya fara sayar da Model T a kan dala 850, ya yi ta rage farashi har ya sauko ƙasa da dala 300 a tsakiyar shekarun 1920, alhali a 1912 ƙaramar motar lantarki tana kai dala 1,750. A wannan shekara ta 1912 kuma kamfanin Cadillac ya fito da mota mai ɗauke da ƙirƙirar Charles Kettering, wani ƙaramin injin lantarki da ke tayar da babban injin fetur, wanda makanikai ke kira kik. Da wannan aka daina murɗa ƙarfe, aka daina karya hannu, babbar hujjar sayen motar lantarki ta faɗi. Abin mamaki a nan shi ne lantarkin ne ya ba motar fetur makamin da ta kayar da 'yar uwarta da shi.

Masu sayar da ita ma sun taimaka wajen ƙuntata ta. Ganin cewa matan attajirai ne suka fi sayenta, sai suka riƙa ƙera ta kamar falo, da labule, da kujerun da ke fuskantar juna, da ɗan tulun furanni. Tallan ya ci kasuwar da aka nufa, amma ya liƙa wa motar sunan abin hawan mata da tsofaffin likitoci, a lokacin da samarin Amurka ke ɗaukar ƙarar inji da maiƙon hannu a matsayin jaruntaka.

Akwai dalili na ƙarshe da ba a cika ambatawa ba, alhali ya fi wasu nauyi. Wutar ce babu. Har tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya ce kawai cikin goma a karkarar Amurka ke da lantarki. Manomi yana iya sayen fetur a gwangwani daga kantin ƙauye, amma ba shi da inda zai jona batir. Thomas Edison ya shafe kusan shekara goma yana neman batir mafi inganci, ya fito da na nikel da ƙarfe, mai ƙarko amma mai tsada. A 1914 shi da Ford suka sanar da shirin ƙera motar lantarki mai araha, shirin ya shiririce ba tare da an sayar da ko ɗaya ba.

Daga nan motar ta koma gefe na kusan shekara sittin, ta tsira a wuraren da siffofinta suka fi nauyinta muhimmanci. A Ingila dubban 'yan motocin rabon madara ne ke bin unguwanni da asuba da batir, domin ba sa tayar da masu barci kuma ba sa gajiya da tsaye-tsaye a kowace ƙofa. A cikin ɗakunan ajiyar kaya, inda hayaƙi zai shaƙe ma'aikata, injinan ɗaga kaya masu batir ne ke aiki. A 1971 'yan sama jannatin Apollo 15 suka tuƙa mota a doron wata, kuma dole ta kasance ta lantarki, tun da babu iskar da fetur zai ƙone da ita a can. Takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ya farfaɗo da sha'awarta na ɗan lokaci, da farashin mai ya sauka sha'awar ta bi shi.

Yunƙuri mai ƙarfi ya zo daga Kalifoniya, inda hayaƙin mota ya daɗe yana turnuƙe birnin Los Angeles. A 1990 hukumar kula da iskar jihar ta wajabta wa manyan kamfanoni cewa kashi 2 cikin ɗari na motocin da za su sayar a 1998 su kasance marasa hayaƙi. General Motors ya amsa da EV1, ya ƙera 1,117 tsakanin 1996 da 1999, bai sayar da ko ɗaya ba sai dai ya bayar haya. Da aka sassauta dokar, kamfanin ya karɓe motocinsa ya murƙushe mafi yawansu. Masu hayar sun roƙi a sayar musu, wasu sun yi zaman dirshan a ƙofar wurin da aka tara motocin, har an shirya wa motar jana'izar wasa a 2003. Kamfanin ya ce ba riba a cikinta, kuma da batir ɗin lokacin yana da hujja. Amma ya kamata a lura da abin da waɗannan mutane ke kuka a kai. EV1 ba ta san hanya ba, ba ta ganin komai, ba ta yanke wa direba shawara. Sun so ta ne saboda yadda take fizga daga tsaye, da shirunta, da kwana tana caji a gida, da rashin zuwa gidan mai.

Abin da ya sauya lissafi bai fito daga masana'antar mota ba. Stanley Whittingham ya fara aikin batir na litiyom a shekarun 1970, kuma a ɗakin binciken kamfanin mai na Exxon ya yi shi. John Goodenough ya inganta shi a Oxford a 1980, Akira Yoshino ya mayar da shi abin da za a iya amfani da shi lafiya a Japan a 1985, kamfanin Sony ya kai shi kasuwa a 1991. Su ukun suka raba lambar Nobel ta 2019. Kyamarori da kwamfutocin tafi-da-gidanka da wayoyin hannu ne suka biya kuɗin girmansa. Da Martin Eberhard da Marc Tarpenning suka kafa Tesla a 2003, Elon Musk ya shigo da jari a shekara mai bi, dabararsu ita ce haɗa dubban ƙananan batura irin na kwamfuta wuri guda. Motarsu ta farko, Roadster ta 2008, tana ɗauke da guda 6,831, tana yin kusan kilomita 390 da caji ɗaya. Nissan ya fito da Leaf a ƙarshen 2010. Tsakanin wannan shekara da 2024 farashin batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari. Model S ta fito a 2012, ta kwashe manyan lambobin yabo na mujallun mota, kuma a lokacin ba ta da na'urar tuƙa kai ko kaɗan. Sai a watan Oktoban 2015 aka kunna mata abin da kamfanin ya kira Autopilot.

Tuƙa kai yana da nasa salsalar dabam, kuma mai ne ya raine shi. A 1987 Ernst Dickmanns da tawagarsa a Munik ta Jamus suka sa wata motar kaya ƙirar Mercedes ta bi babban titin da ba kowa da kanta, tana kallon hanya da kyamara. A 2005, motar da ta lashe gasar da ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya a hamadar Nevada, tafiyar kilomita 212 ba direba, Volkswagen Touareg ce mai shan dizal, aikin jami'ar Stanford. Google ya fara gwajinsa a 2009 da Toyota Prius, mai haɗa fetur da batir. Kwamfutar da ke kallon hanya ba ruwanta da abin da ke juya taya.

Kamfani ɗaya ne ya ɗaure abubuwan biyu a zukatan jama'a, domin shi ne ya fi suna a motar lantarki kuma shi ne ya fi yin alkawarin tuƙa kai. A watan Afrilun 2019 Musk ya ce zuwa shekara mai zuwa za a sami tasi miliyan ɗaya na Tesla marasa direba a kan tituna. Shekarar ta zo ta wuce ba a gan su ba. Kafin nan, a watan Mayun 2016, wani direba ya rasu a Florida lokacin da motarsa mai Autopilot a kunne ta shige ƙarƙashin tirela, kuma a Disamban 2023 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta sa kamfanin ya gyara na'urar a motoci kusan miliyan biyu. Duk sanda irin wannan labari ya fito, motar lantarki baki ɗaya ake zarga, kamar batir ne ya yi laifin. Wannan ruɗani yana da tsada. Mai iyali da ke lissafin kuɗin mai, ko gwamnatin da ke shirin sayen bas-bas, idan suka ɗauka abu ne na attajirai masu wasa da kwamfuta, za su wuce abin da zai iya rage musu kashe kuɗi.

Darajar motar a cikin inji take. Injin fetur yana ƙona mai ne, kuma mafi yawan ƙarfin yana fita a matsayin zafi ta lagireto da salansa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai ke isa ga tayoyi, alhali motar lantarki tana isar da fiye da kashi 77 na wutar da ta sha. A cunkoso, inda motar fetur ke tsaye tana cin mai, ita ba ta cin komai sai abin da na'urar sanyaya ta ja. Idan direba ya ɗaga ƙafa, injin ya juye ya zama janareto, ya mayar da gudun motar wuta ya zuba a batir, shi ya sa birkinta ke daɗewa. Babu baƙin mai da za a juye, babu filogi, babu kuloci, babu famfon mai, yawancinsu giya ɗaya gare su. Duk wanda ya taɓa wuni a garejin bakanike ya san yawan kuɗin da ke cikin wannan jeri.

Ƙasashen da suka fi rungumar ta da wannan lissafi suka yi. Nowe, wadda ita kanta mai arzikin mai ce, tana samun kusan dukan wutarta daga madatsun ruwa. A 1989 mawaƙi Morten Harket da ɗan gwagwarmayar muhalli Frederic Hauge suka shigo da wata Fiat Panda da aka mayar ta lantarki, suka riƙa wuce shingen karɓar kuɗin hanya ba sa biya, ana ƙwace motar ana gwanjonta, ana sake sayo musu. A hankali gwamnati ta yafe wa irin waɗannan motoci harajin rajista, da kuɗin hanya, da harajin saye a 2001. A 2024, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a ƙasar masu batir zalla ne.

Ƙasar Sin ta bi ta wata hanyar. Wan Gang, injiniyan da ya yi shekaru a kamfanin Audi kafin ya zama ministan kimiyya a 2007, ya ga cewa ƙasarsa ba za ta kamo Jamus da Japan a injin fetur ba, amma a batir kowa sabon shiga ne. Ga kuɗin shigo da mai, ga hayaƙin da ya rufe Beijin. Kafin ƙarshen 2017 birnin Shenzhen ya mayar da bas-bas ɗinsa fiye da 16,000 na lantarki, kowace da direbanta a zaune. BYD, wanda ya fara a 1995 yana ƙera batir ɗin waya, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera mota a duniya. Motar da ta fi bayyana al'amarin ita ce Wuling Hongguang Mini ta 2020, 'yar ƙarama mai kujera huɗu, farashinta bai kai dala 5,000 ba, tana yin kimanin kilomita 120 da caji ɗaya, kusan daidai da motar Clara Ford. Ba ta da wata dabarar tuƙi, kuma cikin watanni kaɗan ta wuce Tesla Model 3 a kasuwar ƙasar.

Ba a rasa aibi ba. Har yanzu a kasuwanni da yawa kuɗin sayenta ya fi na takwararta mai fetur. Nauyin batir yana cin taya. Cika ta a gida aikin dare guda ne. Idan da kwal ake samar da wutar, hayaƙin ya ƙaura ne daga titi zuwa tashar wuta, ko da yake ya ragu. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, wani ɓangare daga ramukan da ake haƙa da hannu har da yara a ciki, abin da ya ƙara tura kamfanoni zuwa batir na litiyom da ƙarfe wanda ba ya buƙatarsa. Zafi ma abokin gaba ne. A 2012 masu Leaf a jihar Arizona suka koka cewa baturansu sun yi sanyin ƙarfi da wuri, domin motar ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa. Mai saye a ƙasa mai zafi, wannan ce tambayar da ta fi cancanta ya fara yi wa dillali.

A Afirka kuɗin mai ne ke tura lamarin. Habasha, wadda ba ta haƙo mai amma tana da manyan madatsun ruwa, ta hana shigo da motocin fetur da dizal na hawa a 2024, duk da cewa kusan rabin jama'arta ba su da wuta a gida. A Najeriya, bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuma a wannan tsakani gwamnatin Borno ta fito da tasi masu lantarki a Maiduguri. Ba wanda ya tambayi ko za su tuƙa kansu. Abin da ake tambaya shi ne inda za a yi caji, da ko wutar za ta kasance a wurin sa'ad da aka je.

Tambayar ke nan da manomin Amurka ya yi a zamanin Model T, ya rasa amsa. Gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar kai lantarki karkara a 1935, kuma zuwa 1953 gonaki tara cikin goma sun sami wuta. Kamfanin Detroit Electric bai ga wannan rana ba. Ya ƙera motarsa ta ƙarshe a 1939, bayan ya sayar da kimanin 13,000.